Murfin Kwanon Matar Daniyel

Wadata, Yamai, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga autata Zainabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Maradi lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da direba mai gyangyaɗi, da ruwan baƙon gari, ya haɗa ki da maƙwabta masu amsa sallama.

Ina rubutun nan ke kina Babbar Kasuwa wajen sayen labule da tukwane. Kafin ki dawo zan cusa takardar ƙarƙashin zannuwanki, domin in na ce zan faɗa miki da baki, tari zai cinye rabi, kunya ta cinye sauran. Ki yi haƙuri da rubutun. Yanzu kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda, amma akwai lokacin da har aron hannuna ake yi a garin nan.

Za ki ga ƙunshi tare da takardar. A ciki akwai ambulan, da murfin kwanon nan mai jan fure da kika taso kina gani rataye a ɗakina. Ba gado na ba ki ba. Kayan wani mutum ne mai suna Daniyel, yana nan Maradi. Na yi masa laifi shekara arba'in da suka wuce, ban taɓa ba shi haƙuri ba. Likitana kuma ya daina yi mini faɗa a kan gishiri, ke ma kin san abin da hakan yake nufi. Ina so in ji daga bakin Daniyel kafin a ɗauke ni. Amma ki karanta tukuna, don ki san abin da kika ɗauko.

Shekaranjiya na ji kina gaya wa ƙawarki cewa ke koyarwa za ta kai ki jami'a, ba ruwanki da sandika, ƙungiyar nan ta ma'aikata, ba ruwanki da taron malamai da takardun koke. Na yi dariya har na ƙware. Kalmomin nan nawa ne, Auta, ban san ana gadonsu ba.

Lokacin da nake koyar da ilimin ƙasa a jami'a, can ƙetaren gada, aka yi farin nan da har yau tsofaffi ba sa son ambatonsa. Shanu suka mutu, mutane suka baro garuruwansu suka zube a bakin Yamai. Soja ke mulki, kowa ya iya bakinsa. Ana cikin haka dawar taimako ta fara isowa cikin kamyo, manyan motocin kaya, rumbunan gwamnati suka cika. Wani mai hikima ya duba ya ga ɗakin da nake koyarwa yana da ƙofar ƙarfe da makulli mai kyau. Aka ce za a ajiye ƴan buhuna a bayan aji, na kwana biyu kawai.

Kwana biyun gwamnati, ki sani, ba irin namu ba ne. Bayan wata ɗaya an fitar da kujeru, ɗalibai suna zaune a kan buhuna. Bayan wata biyu na sahun baya in ya ɗaga hannu zai yi tambaya sai ya taɓa rufi. Ni kuwa ina ƙasa kamar wanda ya faɗa rijiya, ina ɗaga kai ina yi musu bayanin yadda hadari ke haɗuwa ya zubar da ruwa, su suna zaune a kan shaidar cewa bai zubar ba. Ɓeraye suna ratsa darasi ba sallama. Sojan da aka sa gadin dawar shi kaɗai ne bai taɓa fashin aji ba.

Ofishinmu ɗaya da Daniyel, malamin lissafi, ɗan wani ma'aikacin majami'a daga wajen Maradi. Shi ne wakilin sandika a sashenmu. Kullum da azahar matarsa Rahila tana aiko masa da abinci a kwanon nan mai jan fure, mu ci tare. In azumi ya zo sai ya ɗauki kwanonsa ya zaga bayan gini don kada ƙamshi ya dame ni. Na riga shi shiga aiki da wata uku, kuma ban taɓa bari ya manta ba.

Ya ce mini, “Abdu, kawo maganar ɗakin nan sandika mu rubuta tare.”

Na ce, “Sandika ta masu dako ce da direbobin kamyo. Ni a hannun Nasara na yi karatun lekol. In na rubuta takarda ɗaya, da kansu za su kwashe dawar nan suna ba ni haƙuri.”

Ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a, yaya.” In yana so ya tsokane ni, yaya yake ce mini.

Na zauna sati guda na rubuta shafi goma sha ɗaya da Faransanci mai sheƙi. Na faro daga malaman Tumbutu, na biyo ta darajar alli, na yi shafi guda cur a kan halin ɓera. Shugaban sashe ya kira ni ofishinsa, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, yana kirana Mushe, wato malam da Faransanci.

Ya ce, “Mushe Abdu, na karanta. Har matata na karanta wa shafi na shida. Wallahi ka iya. To amma me kake so a yi?”

Na karɓi takardar na duba daga farko har ƙarshe. Ban faɗa ba. Shafi goma sha ɗaya, babu inda na ce a fitar da dawa.

Saboda haka, Auta, ranar da za ki kai kuka, ki sa abin da kike so a layin farko. Abu ɗaya, ba uku ba. Wanda zai karanta yana da ciwon kai, yana da ƴaƴa, yana jiran a tashi. In kin ga jimla ta yi miki kyau har kina son sake karanta ta, ki soke ta, ita ce za ta cuce ki.

Na koma na taƙaita zuwa shafi bakwai, na kai wa Madam Hamsatu, sakatariyar shugaba. Bazabarma ce, ni kuwa Bagobiri, kin san tsakaninmu ba a gaisawa sai da zagi. Na ajiye mata a kan tebur na fita ina taƙama, ban ce ta buga hatimi ba, ban riƙe ta biyu ba. Bayan sati uku na koma.

“Fofo, Madam. Ina labarin takardata?”

“Wace takarda, bawan ubana?”

“Takardar koke, shafi bakwai.”

“Ina shaidarka? Ina hatimi? Ku Gobirawa mafarki kuke yi da rana ku zo ku ce a ba ku amsa.”

Ina cikin rantsuwa idona ya kai ƙasa. Teburin da take buga keken rubutu a kai ƙafarsa ɗaya gajera ce, kuma ga wani abu fari an ninke an cusa a ƙarƙashinta. Na durƙusa na leƙa, na gane wutsiyar rubutuna.

Ta leƙo ita ma, ko gezau. Ta ce, “Au, ita ce? To ka gode Allah. Duk takardun da ake kawowa nan babu wadda ta yi aiki kamar taka. Tun da na sa ta tebur bai ƙara rawa ba.”

Kowace takarda ki yi ta biyu-biyu. A buga hatimi a kan taki, a sa kwanan wata, a sa hannu, ki kai gida ki ajiye inda gara ba ta kaiwa. Ko ƙawarki ce a ofishin, ko ƴar ɗakinku ce. Kuma ki riƙa tambayar sakatariya lafiyar ƴaƴanta tun kafin ki buƙace ta, domin shugaba yana sa hannu ne kawai, ita ce ke yanke wace takarda za ta ga hasken rana.

Daga ofishin Madam Hamsatu ban zame ko'ina ba sai wurin Daniyel. Ya rubuta sunana a kayen sandika, littafin sunayen ƴan ƙungiya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Muka yi taro a ƙarƙashin dogon yaro, mu tara. Nasarun da ke koyarwa tare da mu ba sa shiga irin wannan. Daniyel ya karanta abin da ya rubuta, layi huɗu: muna roƙon a mayar da dawar tsohon garejin da ke bayan gini, wanda babu komai a ciki, kuma mu da ɗalibanmu za mu yi dakon da kanmu. Kowa ya ce madalla. Aka zo sa hannu, sai kowa ya noƙe. A zamanin nan sunan da ya zo farko a takardar koke shi ake kira shugaban tawaye. Wani ya duba alƙalaminsa ya ce bik ɗinsa ya mutu. Wani ya tuna bai yi alwala ba, alhali da sauran awa biyu a kira salla.

Daniyel ya yi murmushi, ya cire murfin kwanon abincinsa, ya kifa shi a ƙasan takardar, ya zagaye shi da alƙalami. Ya ce, “Kowa ya sa hannu a bakin da'irar nan, duk inda ya ga dama. Mai neman na farko ya yi ta juya takarda har ya yi jiri.”

Muka sa hannu muna dariya, har mai alwala. Aka ce ni zan miƙa gobe, tunda yanzu na san hanyar hatimi. Daniyel ya ɗora murfin a kan takardar don kada iska ta ɗauke, ni kuma na kwashe su duka na zuba a jaka, da niyyar mayar masa da murfin da safe.

Da na isa gida bayan la'asar na shimfiɗa takardar na dube ta. Ga da'ira kamar zanen boka, ga sunaye wasu a kwance wasu a kife, ga tabon man miya inda murfin ya zauna. Na ce wannan za a kai gaban hukuma da sunana a ciki? Ni da Nasara ya bugi yatsuna da rula har na iya ja layi? Na ɗauko sabuwar takarda na sake kwafe ta da hannuna mai kyau. Na ja layi tara a jere, na tsara sunaye bisa daɗewa a aiki, yadda aka koya mana. Kin san wanda ya zo na ɗaya. Da na ga layi huɗun Daniyel sun yi tsirara da yawa, sai na yi musu ƴar riga. Na ƙara cewa ɗakin karatu ba rumbu ba ne, kuma ilimi ya fi tuwo.

Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, tana tankaɗe a tsakar gida na karanta mata. Ta ce, “Malam, a wannan shekarar za ka ce wani abu ya fi tuwo?” Na ce mata ba ta san salon rubutu ba.

Da safe na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ga sunana a sama sai ya sa hannu da fara'a, har bik ɗin da ya mutu jiya ya tashi. Daniyel na samu a ƙarshe. Ya karanta, ya daɗe yana kallon layin tuwon.

Ya ce, “Abdu, ba wannan muka yarda da ita ba.”

Na ce, “Ita ce, wanka kawai na yi mata.”

“Ina da'irar?”

“Wata uku na girme ka a aiki, Daniyel. Na san yadda ake takarda.”

Ya duba ya ga sauran bakwai duk sun sa hannu. Ya ce wakili ba ya barin mutanensa a takarda su kaɗai, ya sa nasa a layi na biyu. Wannan karon na sa an buga hatimi, kuma takardar ba ta ɓata ba. Ita kaɗai ce a rayuwata ta isa inda aka aike ta da sauri.

Abin da taro ya yarda da shi, Auta, ko ɗigo kada ki ƙara masa ke kaɗai a ɗaki. In kin ga kuskure ki koma ki tara su. Takardar da mutum tara suka yi, ko da tabon miya, ta fi wadda gwani ɗaya ya gyara.

Bayan kwana huɗu jandarma ya zo da takardar kira, sunana kaɗai a kai. Daniyel ya ce in jira ya gama aji ya raka ni, haka dokar sandika take. Na ce ba na buƙatar ɗan rakiya. Gaskiya kuwa so nake in je in dawo kafin kowa ya ga yadda gwiwoyina suke yi.

Wani kapitan na tarar a ofishin, yaro ne a kaina, mai ladabi, kuma ladabin nan ya fi tsawa ban tsoro. Takardata tana gabansa, ya ja jan layi a wuri ɗaya.

Ya ce, “Zauna, Mushe. Ka ci abinci yau?”

“Na ci, ranka ya daɗe.”

“Me ka ci?”

“Shinkafa.”

“Da miya?”

“Da miya.”

“Madalla. Akwai mutane a bakin gari kwana biyu ba su ga ko dusa ba. Ga mota a waje. Ko za mu je ka karanta musu wannan layin? An ce kana da murya.”

Na ce ba sai mun je ba.

Ya ce, “To wa ya shirya wannan abu?”

Ina so ki san gaskiya, domin shekara arba'in ina gyara labarin nan a raina. Bai daka mini tsawa ba. Bai taɓa bindiga ba. Sau ɗaya ya tambaya, yana ma neman murfin alƙalaminsa a ƙarƙashin takardu. Na ji bakina yana cewa, “Ni hannu kawai na ara, ranka ya daɗe, saboda rubutuna ya fi kyau. Maganar ta wakilin sandika ce.” Ya ce wa ke nan. Na faɗi sunan. Har na taya shi rubuta shi daidai.

Aka kira Daniyel washegari. Takardar gaskiya mai da'ira, wadda babu maganar tuwo a cikinta, tana cikin jakata. Bai ce a tambaye ni ba. Ya ce shi ne wakili, duk abin da ke takardar nasa ne. Kafin sati ya zagayo aka ba shi takardar canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar makaranta a Bilma, can cikin hamada, malamin jami'a guda. A satin nan kuma aka zo aka ce a mayar da dawar tsohon gareji, ɗalibai su yi dako. Abin da layi huɗunsa suka roƙa ke nan, ba ƙari ba ragi. Abokan aiki suka yi ta ba ni hannu, wai takardata ta yi aiki.

In an kira ki, kada ki je ke kaɗai, ko da shan shayi aka ce. Tsoro ba abin kunya ba ne, kowa yana da gwiwa. Amma ki shirya bakinki tun daga gida, domin bakin da ba a shirya ba shi ke neman wanda zai miƙa. In an ce wa ya yi, ki ce mu ne, ki yi shiru, ko shirun ya kai Maradi ya dawo.

Ranar tafiyarsu a tashar nan ta Wadata suka shiga mota, taku kaɗan daga gidanmu. Na saka murfin a cikin riga na je, na laɓe a bayan tulin tabarmi ina jiran ƙarfin hali ya iso. Sai na ji muryarsa.

“Abdu, na ga takalmanka. Fito, yaya, bai kamata babba ya tsaya a rana ba.”

Na fito. Ya ba ni hannu. Ya ce, “Ɗakin ya dawo?”

Na ce ya dawo.

Ya ce, “To madalla. Ka ci gaba da koya musu ruwan sama, wata rana zai zo.”

Rahila tana zaune a kan ƙunshin kaya, ba ta dube ni ba. Kwanon yana kan cinyarta, ta rufe shi da faifai ta ɗaure da tsumma. Murfin yana manne da cikina, ya yi zafi kamar an ɗauko shi daga wuta, hannuna ya ƙi shiga riga. Mota ta tashi na dawo gida da shi.

Mahaifiyarki ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta wanke murfin, ta nemo ƙusa ta kafa a bango daidai inda idona ke sauka in na farka, ta rataye shi. In na fara cika baki a gaban baƙi sai ta ce, “Malam, murfin nan ya yi ƙura,” nan take in yi laushi. Kina ƙarama kin tambaye ni na mene ne, na ce ado ne. Kin kuma sha tambayata abin da ya hana ni zuwa Maradi, ko biki ko gaisuwar mutuwa, tun da na ji Daniyel ya koma can, na ce ƙafa ce. Ƙarya nake yi, daga baya ne ƙafar ta zo ta gaskata ni.

Kada ki ce ban gwada rubuta masa ba. Na gwada ya fi a ƙirga. Kowace takarda sai ta kai shafi goma, in faro daga halin da ƙasa take ciki, in bi ta kan fari da soja da gwiwa, in karanta in ga ban faɗi abin da nake so ba. Yanzu da hannu ya ƙi, Allah ya koya mini taƙaitawa da ƙarfi.

Madam Lidiya, mai zuwa auna mini jini, majami'arsu ɗaya da danginsa. Ita ta ce mini yana raye, Rahila ma haka, sai dai idonsa ya yi rauni. Ta ce ki je ranar Lahadi bayan an tashi sujada ki tambayi gidan Mushe Lissafi, kowa ya sani. Kada ki aika, ki je da ƙafarki. Ki durƙusa ki gaishe su, ki ce masa Baba, ki ce mata Inna. Ki fara miƙa mata murfin. In ta jefe ki da shi ki kauce, nawa ne ba naki ba. In ta ce kwanon ya daɗe da fashewa, ki ce na sani, ni ma haka.

Sannan ki buɗe ambulan ki karanta masa da ƙarfi. Ba ta da tsawo, ga ta duka: “Daniyel, ina roƙon ka yafe mini. Ni na sake takardar, ni na ƙara maganar tuwo, ni na faɗi sunanka ba tare da an matsa mini ba. Abdu.” Kin ga buƙata tana layin farko. Kada ki gyara mini ita a hanya, kada ki ƙara cewa na tsufa ko ba ni da lafiya.

Biyu na yi. A ƙasan kowace na kifa murfin na zagaye shi kafin in naɗe, da'irar ta ɗan karkace. Na sa sunana a bakinta, ba a sama ba. Ɗaya tasa ce. Ɗayar, in ya yafe, ki kama hannunsa ki kai shi bakin da'irar ya sa nasa duk inda ya so. In bai yafe ba, kada ki roƙe shi, yana da gaskiya. Ki ce ya rubuta “an karɓa” kawai, wannan kam ko Madam Hamsatu ta san haƙƙin mai kai kuka ne.

Ki ba direban motar Yamai takardar ya kawo mini, kada ki jira hutu. Gidan zai yi shiru in kin tafi, daga ni sai rediyo, shi kuma ba ya jin amsa. Kada wannan ya dame ki, ina da aikin yi: zan riƙa zama a zaure da hantsi ina duban hanyar tasha. Ƙusar tana nan a bango ban cire ba, na bar ta don abin da za ki aiko.

Ki shiga sandika ranar da kika karɓi makullin ofis. Ki ci abinci a kan lokaci. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya rufa miki asiri, ya kare ki daga shugaba mai fushi da abokin aiki mai kyan rubutu. Allah ya ba ki aboki irin Daniyel, ya sa ki fi ubanki sanin darajarsa. Amin.

Mahaifinki,
Abdu